Shekara 20 rabona da keke, ƙiba ta taru: ta ina zan fara?

Tambaya: Shekarata 46, aikin ofis nake yi a Kano. Tun ina sakandare keke ne ƙafata, kuma har na yi aure nauyina bai wuce kilo 72 ba. Yau na kai kilo 108, tsayina mita 1.72, bene ɗaya idan na hau sai na tsaya na mai da numfashi. A asibiti an ce jinina ya fara hawa, suga kuma yana bakin iyaka. Ina son komawa keke, amma ina tsoron gwiwoyina, ina tsoron titi, kuma gaskiya ina jin nauyin abin da mutane za su ce. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, zaɓinka ya yi daidai. Na daɗe ina aiki a sashen fisiyo, wanda mutane suka fi sani da sashen gashi, ni ma kuma mahayin keke ne, kuma mai jiki irin naka ba ni da abin da nake saurin ba shi shawara a kai kamar keke. Dalili yana gwiwar nan da kake tsoro. Duk takun da ka yi a ƙasa, gwiwa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka kimanin sau biyu da rabi zuwa uku, gudu kuwa ya fi haka nesa. Ka lissafa wannan da kilo 108. A kan keke sirdi ne ke ɗauke da kai, gwiwa tana lanƙwasa tana miƙewa ba tare da dukan ƙasa ba. Shi ya sa ko waɗanda aka yi wa aiki a gwiwa, keken motsa jiki na tsaye yana cikin abin da muke fara ɗora su a kai.

Abin da nake ji maka tsoro daban ne. Ƙafa ba ta manta keke. Ranar da ka hau, minti biyu bai cika ba za ka ji kamar jiya ka sauka, iska tana dukan fuskarka, zuciyarka tana raya maka kai ne yaron nan da ke tsere da abokai bayan an tashi daga makaranta. Yaron nan kilo 72 ne da shi. Kai kuwa kamar ka goya masa fiye da rabin buhun siminti ne ka ce ya taka. Wani bawan Allah, sa'arka ne kusan, ya taɓa shigowa wurinmu ranar Litinin yana dafa bango. Ya sayi keke ranar Juma'a, ranar Asabar ya miƙi titin Zariya, bai dawo gida ba sai bayan awa biyu da rabi. Gwiwar hagu ta kumbura ta yi sumul, ba ya iya durƙusawa ko a sallah, sai a kan kujera. Mun yi jinyar gwiwar ta warke cikin 'yan makonni, amma da na tambaye shi keken bayan wata shida, sai ya ce yana sito, taya ta sace, yara sun cire ƙararrawar. Wannan shi ne asarar da ta fi ciwo, domin gwiwa ta dawo, niyya ba ta dawo ba.

Ga yadda abin yake a cikin jiki. Zuciya da huhu suna saurin sabawa: mako uku ko huɗu za ka ji numfashinka ya fara daidaita. Tsoka ma tana biye da su. Amma agara da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓɓai jini kaɗan ne ke ratsa su, don haka ƙarfinsu a hankali yake zuwa, sai an yi watanni. Ke nan akwai lokacin da ƙirjinka zai ce maka ƙara, gwiwa kuma ba ta shirya ba. Yawancin raunin da muke gani a wannan tsakanin yake faruwa. A wata biyun farko, duk ranar da ka sauka daga keke kana jin da sauran ƙarfinka, ka yi daidai.

Kafin ka sayi komai, ka koma wurin likitanka ka gaya masa ƙarara cewa za ka fara hawan keke. A sake auna jini, a auna suga da safe kafin ka ci komai, kuma tunda kana da shekara 46 da ƙiba da hawan jini, ka nemi a yi maka gwajin bugun zuciya na ECG. Hawan jini ana fara kiransa da sunansa ne daga 140 bisa 90, kuma wannan ba ya hana motsa jiki, motsin ma magani ne. Amma idan kana zaune awon ya kai 180 bisa 110, ba ranar hawa ba ce, ranar ganin likita ce. Ka tambaye shi magungunan da kake sha. Akwai na hawan jini irin su atenolol da ke rage gudun bugun zuciya, masu shan su agogon hannu mai ƙirga bugu zai ruɗe su. Akwai na suga irin su glibenclamide da allurar insulin da kan sa suga ya faɗi ana cikin motsa jiki, mutum ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri. Wanda ke kan irin waɗannan kada ya fita ba dabino uku ko huɗu a aljihu. Kuma ka riƙe wannan da kyau: ciwo ko nauyi a ƙirji, ciwon da ke gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, ko numfashin da ya ƙi daidaita bayan ka tsaya, ka sauka nan take, a kai ka asibiti. Kada ka ce bari in ƙarasa gida.

Sai keken. Kada ka fara da keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Zai sa ka sunkuya, cikinka ya tokare cinyoyinka, numfashi ya ƙuntata, wuya da baya su ɗauki wahala, ga shi titunanmu ba sa raga wa siririyar taya. Ka nemi mai miƙaƙƙen kai da faffaɗar taya, wanda za ka zauna kusan a miƙe, kuma lallai mai giya. Tsofaffin kekunan ƙarfe irin su Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau suna da juriya ƙwarai, har buhun hatsi suna ɗauka, sai dai yawancinsu giya ɗaya ce, kuma a gangaren da ya juye ya zama hawa gwiwarka ce za ta biya. Keken gwanjo mai kyau ya fi sabo mai araha. Ka tafi da mai gyaran keke da ka yarda da shi, ya duba jikin keken ko akwai tsagewa a wuraren walda, ya duba birki da kaca da boris. Inda keke ke fara gazawa a ƙarƙashin mai nauyi shi ne ƙafar baya, don haka ka ƙirga wayoyin da ke riƙe da gargaren: 32 ko 36 kake nema, kuma mai gyara ya ɗaure su daidai. Kamfanoni da yawa suna sa iyakar nauyi tsakanin kilo 120 zuwa 135, haɗe da keken da kayan da ke kai, kana ciki amma ba da rata mai yawa ba. Iska kuma ka riƙa dubawa duk mako. Adadin da ya dace yana rubuce a gefen tayar, kuma taya mai laushi a ƙarƙashin mai nauyi kullum tana wurin mai faci.

Yanzu in tsaya a kan sirdi, domin a nan mafi yawan mutanenmu ke cutar da kansu ba su sani ba. Mun saba da saukar da sirdi ƙasa don ƙafa biyu su taɓa ƙasa muna zaune. Wannan zaman shi ke cin gaban gwiwa, saboda kana taka feda gwiwa a naɗe, ƙoƙon gwiwa yana gugar ƙashin da ke bayansa da ƙarfi. Ga gwaji mai sauƙi. Ka jingina da bango, ka zauna a sirdi, ka ɗora diddigenka a feda, ka juya ta har ƙasa. A nan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. Idan ka mai da tudun tafin ƙafa kan fedar, wato inda ya kamata ka riƙa takawa, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Wannan ne tsayin. Idan kana jin tsoro da farko, ka sauke shi kaɗan, ka riƙa ɗagawa rabin santimita duk bayan kwana biyu ko uku har ka kai. Daga baya jikinka zai riƙa ba ka labari: ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayan gwiwa ko ƙugu yana rangaji ya yi sama. Na sha tsayawa a gindin bishiyar mai gyara da wani majinyacina, a ɗaga sirdi yatsa biyu da sifana, ya zagaya layi ya dawo yana cewa kamar an sauya masa ƙafa.

Mazaunai za su yi ciwo a mako biyun farko, wannan babu makawa, kuma yana wucewa. Kada ka sayi sirdi mai faɗi da laushi kamar katifa. A gajeriyar tafiya yana da daɗi, a doguwa kuwa yana nutsewa ya matse inda bai kamata ba. Ka nemi wanda ƙasusuwan zamanka biyu ke sauka a kansa, mai rami ko tsaga a tsakiya, a daidaita shi a kwance, hancinsa bai ɗaga sama ba. Na san tambayar da maza da yawa ke jin nauyin yi, don haka zan amsa ba sai ka yi ba. Hawan keke irin wanda nake ba ka shawara ba ya raunana namiji. Ƙiba da suga da hawan jini su ne manyan masu yin wannan ɓarna, domin suna lalata ƙananan hanyoyin jini. Amma idan ka ji gabanka ya yi sanyi ko ya dusashe kana kan keke, alama ce sirdin yana danne jijiya: ka miƙe tsaye a feda na 'yan daƙiƙoƙi duk minti goma, ka gyara sirdin, idan ya ci gaba ka sauya shi. Basir ma keke ba ya haifar da shi, sai dai idan ya riga ya tashi zama a sirdi kan ƙara masa zafi, ka huta har ya lafa.

Tsarin hawan ba shi da wuya, haƙurinsa ne mai wuya. Mako biyun farko minti 10 zuwa 15, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, a shimfiɗaɗɗen wuri. Za ka ce wannan ai wasan yara ne. Ka yi shi a hakan. Mako na uku da na huɗu minti 20, kwana uku ko huɗu. Daga nan ka riƙa ƙara minti biyar a mako har ka kai minti 30, sannan ka ƙara yawan kwanakin, har wajen mako na takwas ko na goma ka kai minti 30 sau biyar a mako. Wannan minti 150 ke nan, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara a mako a ƙa'idojinta na 2020, inda ta ce minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici. Ka ƙirga lokaci, ka bar kilomita tukuna. Ma'aunin ƙarfi kuwa bakinka ne: idan kana iya yin magana jimla jimla amma ba ka iya rera karatu, kana daidai, idan kalma ɗaya ɗaya kawai ke fita, ka sassauta. Giya kuma ka zaɓi mai sauƙi, ƙafa tana juyawa da sauri, kamar zagaye 70 zuwa 90 a minti. Mutanenmu suna son giya mai nauyi, suna ganin a nan ne aikin yake, alhali a nan gwiwa ke lalacewa. Makon da ka ji jiki ya mutu, barci ya lalace, ko gwiwa ta kwana tana zogi, kada ka ƙara komai, ka maimaita na baya. Tsamin tsoka a cinya na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo mai tsini a gaɓa, ko kumburi, shi ne wanda ba a yi masa taurin kai.

Kwana biyu a mako ka haɗa da ɗan ƙarfafa tsoka, domin keke kaɗai ba ya isa. Ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba sau goma, ka huta, ka sake sau biyu. Ka dafa bango ka tura jikinka sau goma. Tsokar cinya mai ƙarfi ita ce garkuwar gwiwa.

Tsoron titi kuwa gaskiyarka ne, ban raina shi ba. Mafita ita ce lokaci da wuri. Bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye sosai, kafin 'yan adaidaita sahu da motocin kai yara makaranta su cika hanya, wannan ne lokacinka. Ka fara a cikin unguwa mai shiru, ko harabar makaranta idan kana da izini, ko zagayen fili. Ka bi hannunka, kada ka taɓa fuskantar motoci don ka riƙa ganinsu, kamar yadda wasu ke yi. Direban da ke fitowa daga lungu ba ya duban wannan ɓangaren. Adaidaita sahu tana iya tsayawa a gabanka ba sigina da zarar an ɗaga mata hannu, don haka ka ba ta rata, motar da ke fake ma ka bar faɗin ƙofa tsakaninku. Hular kwano dole ce, da riga mai haske, da fitila gaba da baya. Dogon wando ka ɗaure ƙafar dama ko ka cusa ta a safa, doguwar riga kuma a bar ta a gida, domin kaca ba ta da sabo. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yana haura digiri 40, kuma mai ƙiba jikinsa ya fi jinkirin fitar da zafi; bayan ƙarfe tara na safe ka haƙura. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka tafi da gora. Lokacin hunturu ranar da hazo ya yi kauri, musamman idan kana da asma, ka bari ko ka rage. Da azumi ka mai da hawan bayan tarawihi a wuri mai haske, ko ɗan zagaye mai sauƙi na minti 15 zuwa 20 dab da shan ruwa. Idan an riga an ɗora ka a kan maganin suga, wannan sai da shawarar likitanka.

Akwai wata gaskiya da ba na son ka gano ta da kanka bayan wata biyu ka karaya. Keke kaɗai ba zai sauke maka kilo 36 ba. Minti 30 na hawa a natse, mai nauyinka zai ƙona kalori 250 zuwa 300 ko kusa da haka (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 50 tana da kalori sama da 200, da sukarin da ya kai ƙaramin cokali 12 ko 13. Kilo ɗaya na kitse kuwa kalori kusan 7,700 ne. Ka ga ke nan wanda ya sauka daga keke ya zarce teburin mai shayi, aka haɗa masa kauri da madara da sukari da rabin burodi da ƙwai uku, ya mayar da abin da ya ƙona har da riba. Kuma yunwa za ta ƙaru, haka jiki yake. Ba na cewa ka bar tuwo. Ka fara da abin sha: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu sukari, fura da aka zuba wa sukari, shayi mai cokali huɗu. Sannan malmala biyu ta koma ɗaya, miyar ganye ta ƙaru, wake da kifi da ƙwai su samu wuri, tsiren dare ya zama na lokaci lokaci. Wannan magana sai ka yi ta da uwargida tun farko, domin tukunyar a hannunta take, kuma idan ba ta san dalili ba za ta ɗauka girkinta ka ƙi.

Kada ka sa kilo 72 a gabanka yanzu. Ka sa kilo bakwai ko takwas. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, an ɗauki mutum sama da 3,000 da sugansu ke bakin iyaka kamar naka. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kashi 7 na kilo 108 kilo bakwai da rabi ne. Idan kana sauke rabin kilo a mako, wata huɗu ka isa. Sikeli sau ɗaya a mako ya wadatar, da safe, rana ɗaya. Abin da ya fi sikeli faɗin gaskiya shi ne tef ɗin tela: ka auna cikinka daidai saman cibiya kaɗan, duk wata. Abin da ake so a ƙarshe shi ne kewayen ciki kada ya kai rabin tsayin mutum, wato a wurinka ƙasa da santimita 86. Tafiya ce mai nisa, amma sau da yawa tef yana motsawa a watan da sikeli ya tsaya cik, kuma kitsen cikin shi ne mai jawo suga da hawan jini.

Sai maganar mutane. Za a yi magana, ba zan ɓoye maka ba. Wani zai tsayar da kai ya tambayi ko motar ce ta lalace, wani zai yi zaton karayar arziki ce, yara za su bi ka da ido. Wannan yana da zafi ga magidanci mai mutunci a unguwa, kuma na ga waɗanda abin ya hana. Amma ka tuna a garin nan aka yi zamanin da malamin makaranta da ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan lokaci, ke goge Raleigh ɗinsu da tsumma kowace safiya, a yi masa ado, ango ya hau a raka shi. Ba keken ne ya sauya ba. Ni kuma kullum ina ganin ɗaya ƙarshen labarin: mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, shanyewar ɓarin jiki ta same shi, 'ya'yansa biyu sun riƙe shi muna koya masa ɗaga ƙafa daga ƙasa. Da yawansu hawan jini ne da aka sani aka yi sakaci da shi. Wanda ya tambaye ka, ka ce likita ne ya sa ka, maganar ta ƙare. Abin da na lura da shi shi ne, bayan wata biyu ko uku irin waɗannan masu tambaya su ne ke zuwa a keɓe suna neman sanin inda ka sayi keken. Idan ka samu ɗaya daga cikinsu ya zama abokin fita, ka riƙe shi, domin ranar sanyi da bargo ya yi daɗi, sanin cewa wani yana jiranka a ƙofar masallaci shi zai fitar da kai.

A wannan makon abu uku ne a gabanka: ganin likita, zuwa duba keke da mai gyara, da sayen ƙaramin littafi da za ka riƙa rubuta ranar hawa, mintocin da ka yi, da yadda gwiwa ta kwana. Maganin hawan jini kada ka daina ko ka rage don ka ga awo ya sauka, likitan da ya rubuta shi ne zai rage. Idan ka cika mako huɗu, ka rubuto mini awon jininka, awon cikinka, da ko har yanzu kana tsayawa a tsakiyar benen nan, sai mu duba ko lokacin fara ɗan hawan tudu ya yi. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare hanya.